Mariƙin sandar fatsa ya fashe: a gyara ko a sake sabo?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ƙofar mota ce ta datse gindin sandar fatsarsa, mariƙin kok (ɓawon bishiya mai laushi, irin wanda ake toshe kwalba da shi) ya fashe a tsakiya, wani gutsure kamar girman babban yatsa ya ɓalle, amma ya tsince shi ya adana. Tun daga ranar, in ya damƙe mariƙin zai yi jifa sai ya ji yana ɗan juyawa a hannunsa. Yana so ya san ko sufa gulu zai wadatar, ko kuwa dole ya sake mariƙin gaba ɗaya.

Ɗan'uwa, sannu da wannan tsautsayi. Ka kyauta da ka tsince gutsuren, domin babu wani kok da zai zauna a gurbin nan daram kamar shi. Sufa gulun dai ka ajiye shi gefe. A irin ɓarnar da ka kwatanta, da wuya a ce sai an sake mariƙi duka. Zobban kok aka jera aka yi mariƙin, kuma yawanci zobe biyu ko uku ne suka lalace, sauran lafiyarsu lau. Sai dai kafin mu taɓa gam, akwai abin da ya fi fashewar kok ɗin tsaya mini a rai, wato ƙofar motar nan.

Kok riga ce kawai. A ƙarƙashinsa ƙashin sandar yake, wani bututu mai rami a ciki, na kabon ko na faiba, mai siririn bango. An yi shi ne don ya jure lanƙwasa, kuma yana jurewa ƙwarai, amma ba ya son a matse shi ta gefe. Ƙofar da ta iya fasa kok tana iya tsaga ƙashin a tsaye, irin tsagar da ba za ka sani ba sai ranar da babban kifi ya ja, sandar ta karye a tafin hannunka. Don haka ta nan za ka fara. Riƙe gindin da hannu ɗaya, ɗaya hannun a saman mazaunin ril (na'urar naɗe zaren fatsa), ka kawo wurin kusa da kunnenka ka ɗan lanƙwasa a hankali. Juya sandar ka sake, har ka zagaye ta. Lafiyayyen ƙashi shiru yake yi. In ka ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara, akwai abin dubawa, ko da yake wani lokaci tsohon gam ne da ya saki yake wannan ƙara. Abin da zai raba maka gardama ɗan ƙullin auduga ne: haska tocila ta gurbin da ya ɓalle, ka goga audugar a kan abin da ya bayyana na ƙashin. In akwai tsaga, zaren audugar zai maƙale a bakinta. In murfin gindin yana ciruwa, cire shi ka leƙa cikin ramin da haske.

Ko ka tarar da tsaga, sandar ba ta mutu ba. Gara ma ta tsage a nan da ta tsage a sama, saboda ƙarƙashin mariƙi ba ya lanƙwasa sosai, kuma duk abin da ka yi kok zai rufe shi. Ka nemi guntun wata tsohuwar sanda da ta karye, wanda zai shiga ramin ta gindi ya cika shi ba tare da an tura da ƙarfi ba, tsawonsa ya wuce tsagar da kamar santimita 5 zuwa 7 ta kowane ɓangare. Ka ɗan kankare shi da samfefa, ka shafe shi da ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ake haɗa kwalabe biyu a samu, ka zura. Ta waje kuma ka naɗe wurin tsagar da zare mai ƙarfi, naɗi kusa da naɗi, ka jiƙa zaren da ifoksi. Sai wannan ya bushe sarai za a koma kan kok.

Yanzu ka ɗauki mariƙin ka dube shi a haske. Za ka ga wasu siraran layuka sun zagaye shi, tsakanin kowanne da na kusa da shi kamar rabin inci, wato wajen milimita 13. Ba dunƙulen abu ɗaya ba ne. Zobba ne aka jera a kan ƙashin, aka manna su, aka sassaƙe su suka zama siffar da kake riƙewa. Wannan shi ne sirrin gyaran duka: abin da aka gina zobe-zobe ana iya gyara shi zobe-zobe. Shi kok ɓawon wata bishiya ce da ta fi yawa a Fotugal da Sifaniya da arewacin Afirka, kuma Fotugal kaɗai tana samar da kusan rabin na duniya. Sai bishiyar ta kai shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma sai bayan kowace shekara 9. Cikinsa ƙananan ɗakuna ne cike da iska, masu bango mai maiƙo da ba ya shan ruwa, shi ya sa ba shi da nauyi, ba ya sanyi a hannu, kuma in ka matsa shi yana dawowa. 'Yan ramukan da kake gani a jikinsa hanyoyin numfashin bishiyar ne. Masana'anta suna cike su da wani kwaɓi don mariƙin ya yi sumul a ido, bayan an sha amfani da shi kwaɓin ya zube. Mutane da yawa suna zaton mariƙinsu ruɓewa yake yi, alhali cikon ne kawai ya fita.

Wannan dawowa da kok yake yi in an matsa shi ita ce dalilin da ya sa na hana ka sufa gulu. Kok yana tsotse shi, wurin ya sandare kamar gilashi. Kai kuma kullum matsa mariƙin kake yi. Gefe da gefe suna lotsawa suna dawowa, layin gam ɗin yana tsaye ƙiƙam, ba a jimawa sai sabuwar tsaga ta buɗe daf da tsohuwar. Ga shi yana barin tabo mai duhu da samfefa ba ta iya ci daidai da sauran. Ni gam iri biyu nake aiki da su a mariƙi. Tsakanin kok da ƙashin sanda, ifoksi mai haɗi biyu, irin Araldite mai jinkirin kamawa. Mai kamawa cikin minti 5 ba zai ba ka lokacin daidaita komai ba, kuma bai kai mai jinkirin jure ruwa ba. Tsakanin kok da kok kuwa, gam ɗin kafinta mai jure ruwa, irin Titebond III, domin in ya bushe ba ya ƙarfi fiye da kima, samfefa tana cin sa tare da kok ɗin, yatsa ba ya jin layinsa. Amma shi ba ya kama kabon da kyau, kada ka dogara da shi a can ciki. Akwai kuma gam mai kumfa. Yana riƙo, sai dai yana kumbura lokacin bushewa ya ture gutsuren daga mazauninsa in ba a ɗaure tam ba, shi ya sa ba na ba wanda bai saba ba shawarar amfani da shi.

Kafin kowane gam, wanke mariƙin da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Maiƙon hannu da yauƙin kifi na shekaru suna hana gam kamawa. Ka bar shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu ya bushe har ciki.

Sai batun juyawar da kake ji. Kada ka yi hasashe, ka gano wurin. Ɗauki fensir ka ja layi ɗaya miƙaƙƙe tun daga murfin gindi, ya bi ta kan dukkan zobban har ya hau mazaunin ril. Riƙe ƙashin sandar a sama da mariƙi, ka murɗa kok ɗin a hankali kana kallon layin. Inda layin ya karye ya goce, nan ne gam ya saki. In zobban da ke kusa da fashewar ne kawai ke motsi, aikin da za mu yi yanzu zai magance shi. In kuwa wani dogon ɓangare ne mai lafiya a waje yake juyawa, sami sirinji mai allura mai kauri. Ka ɗan ɗumama kwalaben ifoksin a ruwan ɗumi kafin ka haɗa don ya yi ruwa-ruwa, ka soka allurar ta ɗaya daga ramukan kok ɗin har ka ji ta taɓa ƙashi, ka yi wata huda a ɗaya gefen don iska ta fita, ka tura gam a hankali kana ɗan murɗa mariƙin ya bazu. Injin huda kam kada ya kusanci wurin nan.

To ga gutsurenka. Gwada shi a gurbinsa ba gam. In ya zauna har layin fashewar ya kusa ɓacewa, kuma kok ɗin da ke kewaye bai dagargaje ba, ka huta. Kada ka goge bakinsa, kada ka gyara shi da reza. Wannan kaushin da rashin daidaiton su ne haƙoran da za su kama juna. Ɗan ifoksi a kan ƙashin, gam ɗin kafinta siriri a gefunan da kok zai haɗu da kok, ka danna shi, ka goge abin da ya tsatso, ka ɗaure. Amma ƙofar mota ba yanka take yi ba, niƙa take yi. Ina kyautata zaton in ka danna kewayen da farce za ka ji ya yi laushi yana marmashewa. In haka ne, liƙa gutsure a kan ruɓaɓɓen tushe aikin banza ne. Zobban nan za a cire.

A nan ne nake roƙonka ka natsu, don a nan ake kashe sanduna. Farkon fara wannan aiki na taɓa zagaya wani mariƙi da wuƙa mai kaifi har na ji ta taɓa ƙashi. Abin da ta bari ɗan zane ne da ƙyar ake gani. Na gama gyara, mariƙin ya yi kyau, bayan 'yan watanni sandar ta karye daidai kan zanen nan, tas kamar an sa zarto. Zarurrukan kabon a tsaye suke bin tsawon sandar, duk wanda wuƙa ta yanke ya daina ɗaukar nauyi, sauran su ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Tun daga ranar ƙarfe mai kaifi bai sake taɓa ƙashin sanda a hannuna ba.

Ga yadda nake yi. Na zaɓi layin gam na farko mai lafiya a sama da ɓarnar da wani a ƙasa da ita, na naɗe kok mai kyau da tef ɗin takarda daidai bakin layukan. Da sabuwar reza nake bin layin, ina zagayawa kaɗan-kaɗan, in tsaya saura kamar milimita 2 a kai ƙashi. Gurbin da ya ɓalle zai nuna maka zurfin. Daga nan filaya ce ke aiki: a ciji kok ɗin a gutsure shi, ɗan ƙarami bayan ɗan ƙarami. Abin da ya rage manne da ƙashin a kankare shi da gefen tsohon katin roba ko guntun itace. Wani lokaci za ka tarar da naɗin tef ko zare a ƙasa, wanda masana'anta suka sa don cike gibi. Cire shi in ya jiƙe ko ya saki. Sannan ka manna samfefa a jikin guntun rula, ka daidaita fuskokin tsofaffin zobban nan biyu su miƙe sosai. Kyawun gyaran duka a kan waɗannan fuskoki biyu yake. In sun karkace, layin gam zai yi kauri ya yi baƙi, kowa ya gani.

Sababbin zobba ana samunsu wurin masu sayar da kayan haɗa sandar fatsa. Girman da aka saba shi ne faɗin inci ɗaya da kwata, wajen milimita 32, kauri rabin inci, da rami na kwatan inci a tsakiya. Sayi fiye da buƙatarka, ɗaya ko biyu za su lalace wajen gwaji. Toshiyar kwalba ta kok na gaske tana da amfani wajen ƙaramin faci da kuma samar da gari, amma faɗinta bai kai ta zagaye mariƙi ba. Auna kaurin ƙashin a wurin, ka faɗaɗa ramin zoben da zagayayyen magagari har ya kai, kana juya zoben don kada ramin ya goce gefe. Sai ka gama wannan za ka raba shi, in ka raba tukuna ba za ka iya fafe shi daidai ba.

Rabawar ma da dabara. Zoben ba zai shiga ta sama ba saboda mazaunin ril da zobban zare, wato ƙananan zobban da zaren fatsa ke bi ta cikinsu, ba zai shiga ta ƙasa ba saboda sauran mariƙin, dole a raba shi biyu a rungume ƙashin da shi. Kada ka yanka shi da reza har ƙarshe. Yi masa ɗan tsagi a gefe biyu masu kallon juna, ka karya shi da hannu. Yankan reza miƙaƙƙen layi yake bari wanda ido ke kamawa nan take, karaya kuwa tana bin jijiyar kok ɗin, in an mayar sai ta ɓace cikin zanensa. In zobba biyu ko uku ne, kada mahaɗansu su hau layi ɗaya, a karkata kowanne daga na kusa da shi yadda magini ke jera bulo. Jimillar kaurinsu kuma ta ɗan fi gibin da kamar rabin milimita, ta yadda sai ka matsa za su shiga. Kok yana lotsawa, wannan matsin shi zai rufe layukan. Ka gwada komai a bushe, ka sa wa kowane rabi alama da fensir, don in gam ya hau hannu ba lokacin tunani ba ne.

Haɗa ifoksin yadda aka rubuta a jikinsa, yawanci kashi ɗaya da kashi ɗaya, ka juya shi sosai na minti biyu ko uku. Ifoksin da ba a juya da kyau ba yana iya shekara yana danƙo. Shafa a ƙashin, ka tura kaɗan da tsinke ƙarƙashin tsofaffin zobban da ke motsi. Gam ɗin kafinta a fuskoki da bakin karaya. Jera, matsa, goge ifoksin da ya fito da tsumma mai ɗan sifirit, na kafinta da tsumma mai ɗan ruwa. Kada ka yi amfani da tina ko asiton kusa da fentin sandar. Naɗe wurin da leda siririya don kada ɗauri ya manne, sannan ka ɗaure da robar tsohon tif na keke da aka yanka tsiri mai faɗin yatsa, kana ja kana naɗewa. Siririn zare ko waya suna nutsewa cikin kok su bar kwari. A bar shi awa 24 cur, in ana sanyi a ƙara.

In ka kwance za ka ga sababbin zobban sun yi tudu sama da sauran, abin ba kyan gani. Haka ya kamata. Sabunta tef ɗin da ke kare tsohon kok, ka sassaƙe tudun da reza ko magagari har ya rage kamar milimita 1 ko 2. Daga nan samfefa mai kaushi, lamba 80 ko 100, a naɗe ta a guntun katako mai miƙaƙƙiyar fuska. Katakon nan wajibi ne. Yatsa yana bin laushi, sai ya cinye kok ya bar layin gam a tsaye, mariƙin ya zama tudu da kwari. Kana gogawa kana juya sandar a kan cinyarka, kada ka daɗe a wuri ɗaya. In ka kusa kai tef ɗin, cire shi ka koma lamba 150, sannan 220. Na ƙarshe ka yanki dogon tsiri na lamba 320 ko 400, wani ya riƙe maka sandar yana juyawa, kai kana ja da hannu biyu kamar mai goge takalmi. Rufe ido ka shafa da tafin hannu. Hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Ka ɗaura wani abu a hanci saboda ƙurar, kuma ka shimfiɗa takarda a ƙasa ka tara garin.

Garin nan shi ne cikon ramuka. Kwaɓa shi da gam ɗin kafinta kaɗan, gari ya rinjayi gam, ya yi kauri kamar yumɓu. In gam ya yi yawa cikon zai yi duhu ya yi tauri. Tura shi cikin ramukan da tsinke har ƙasa, ka bar shi ya ɗan yi tozo domin yana shanyewa in ya bushe, rami mai zurfi ma sai an yi masa sau biyu. Ni ba na cike kowane ɗan rami. Waɗanda ke ƙarƙashin babban yatsa da waɗanda ruwa zai iya kwanciya a ciki su nake bi, sauran halittar kok ce kuma suna taimaka wa riƙo. Inda ƙofar ta lotsa kok bai fashe ba, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka taɓa shi da dutsen guga mai ɗumi na 'yan daƙiƙu, tururin yana ɗaga lotsawar. A taƙaita zafin, domin zafi mai yawa yana sassauta ifoksi, yana kuma cutar da ƙashin kansa.

Sabon kok zai fi tsohon haske. Bi dukkan mariƙin sama-sama da lamba 320, launin zai matso kusa, sauran kuma hannu da ruwa za su daidaita cikin 'yan fita. In kana so ka rufe shi, akwai ruwan da aka yi musamman don haka, U-40 Cork Seal, shafa ɗaya ta isa. Banish kam a'a. Yana sa mariƙi santsi in ya jiƙe, daga baya ya riƙa ɓarewa.

Sake mariƙi duka sai in fiye da rabinsa ya marmashe, ko layin fensir ɗin nan ya nuna komai yana juyawa daga sama har ƙasa. Aikin ya fi wannan girma, saboda ƙashin sanda ya fi kauri a gindi. Ko dai a cire zobban zare da mazaunin ril a zura sabon ta sama, ko a fafe shi ya shiga ta gindi a cike gibin da ya rage da naɗin zare ko tef da ifoksi. Ga sandar aikin yau da kullum da ba a damu da kamanninta ba, akwai hanya mai sauƙi: a cike gurbin, a daidaita da samfefa, a zura mata rigar roba mai tsukewa da zafi, wadda ake yi don mariƙin fatsa, a bi ta da iska mai zafi ana juyawa. Tana riƙo da kyau ko da hannu a jiƙe, sai dai ɗumin kok da laushinsa sun tafi.

Kafin ka koma ruwa, ɗaura ril, zura zare, ka ɗaure bakinsa a wani abu mai nauyi, ka ɗaga a hankali har sandar ta lanƙwasa kamar kifi ya kama. Saurara, ka kuma duba mahaɗan. Sake jan layin fensir ɗin ka murɗa. In layin ya tsaya a miƙe kuma ba ka ji ƙara ba, goge shi ka tafi kamun kifinka. Ƙugiya kuma a daina soka ta a jikin kok in an tashi, a rataye ta a ɗan maƙalin da ke saman mariƙi, ko a ƙafar zoben zare na farko.